Ƙasar da Ke Saman Ramin Kwal: Wa Ke Auna Motsinta, Wa Ke da Ikon Cewa a Tsaya?

An rubuto wannan lacca ne daga muryar da aka naɗa a zauren taro. An rage maimaici da dogayen gaishe-gaishe, sauran an bar shi yadda aka faɗe shi.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam shugaban taro, iyayena malamai, 'yan'uwana injiniyoyi da masu aikin safiyo, da ƙannena ɗalibai, barkanmu da warhaka. An ce in yi magana a kan yadda ake sa ido ga ƙasar da ke kewaye da mahaƙar kwal, lotsawarta da zaftarewarta. Na san da yawanku labarin na'urori ya kawo ku, tauraron ɗan'adam da rada da sauransu. Za mu je can in sha Allahu. Amma sai na fara bi da ku ta ƙarƙashin ƙasa, sannan mu hau wani tudu a Birtaniya. Dalilina shi ne, a manyan haɗurran da suka shiga tarihin wannan sana'a, da wuya ka sami wanda ƙasa ba ta yi gargaɗi ba kafin ta taho. Wanda ya ga gargaɗin ne ba shi da ikon tsai da aiki, mai ikon kuma bai gani ba, ko ya gani ya kau da kai.

Mu fara da abin da ke faruwa in an cire kwal. Kwal a shimfiɗe yake tsakanin wasu duwatsu, kaurinsa mita 1, mita 2, mita 3, wani wurin ya fi haka nesa ba kusa ba. Duk abin da ke samansa, dutse da yumɓu da ruwa da gidajen mutane, a kansa yake zaune. Ranar da ka kwashe shi, nauyin nan yana nan daram, sai dai ya nemi wani mazaunin.

Manyan hanyoyin haƙar ƙarƙashin ƙasa biyu ne. Akwai ta zamani, wadda za mu kira doguwar fuska. Ana shata fili na kwal mai faɗin mita 200 ko 300, tsawonsa kilomita 1 zuwa 3. Inji yana kai da komo yana aske fuskar kwal ɗin, ma'aikata suna ƙarƙashin manyan tokarai na ƙarfe da ke riƙe da rufin. In aiki ya ci gaba, tokaran su matsa, rufin da aka bari a baya ya rufta. Da gangan ake barinsa ya rufta, haka tsarin yake. Duwatsun da ke kusa da ramin su farfashe, na samansu su tsattsage, na can sama su lanƙwasa kawai, har abin ya iso inda muke takawa ya zama kwari mai faɗi.

Ga lambobi biyu, ku rubuta su. Injiniyoyin Birtaniya, bayan sun tara awon wurare masu yawa, sun ga cewa in filin da aka kwashe ya yi faɗi sosai, ƙasa tana iya lotsawa har kashi 90 cikin 100 na kaurin kwal ɗin. Ka cire mita 2, tsakiyar kwarin ta sauka kusan mita 1.8. Ta biyu, kwarin ya fi ramin faɗi. A can suna lissafi da kusurwar digiri 35 daga tsaye, wato in ramin yana zurfin mita 500, tasirinsa zai kai kimanin mita 350 bayan iyakarsa ta kowane gefe. Mutum yana zaune a gidansa, babu wanda ya haƙi ƙarƙashinsa, amma bangonsa yana darewa. In ya je ƙara a ce masa ai taswira ta nuna ba mu zo wajenka ba. Taswirar ta yi gaskiya, shi ma ya yi gaskiya.

Kuma saukar ƙasa ita kaɗai ba ita ta fi ɓarna ba. Gidan da ke tsakiyar kwari yana iya sauka mita guda cur bai tsage ba, in dai ya sauka gaba ɗaya. Na bakin kwari shi ke shan wuya, domin a can ƙasa miƙewa take yi, ana jan ta zuwa ciki. Miƙewar milimita 3 a kowace mita kamar ba komai ba ce, amma a ginin da ya kai mita 20 ta zama santimita 6, kuma bulo ba ya miƙewa. Ku riƙe wannan magana ta bakin kwari, za mu sake haɗuwa da ita.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan lissafi ya dubi yankin Ruhr na Jamus. Bayan haƙar sama da shekara 150, akwai wuraren da ƙasa ta sauka fiye da mita 20. Koguna sun kasa gangarawa da kansu, unguwanni sun koma ƙasa da ruwan da ke wucewa ta gefensu. Tun 1899 aka kafa ƙungiya ta musamman don kula da kogin Emscher, kuma yau tashoshin famfo fiye da 100 ne ke ɗaga ruwa dare da rana. An rufe mahaƙar kwal ta ƙarshe a yankin, Prosper-Haniel, a Disamban 2018, amma famfunan ba su da ranar hutu. Sai da aka kafa gidauniya a 2007 wadda za ta riƙa biyan kuɗin wannan aiki ba tare da an sa masa wa'adi ba.

Abin da ke da sauƙi a doguwar fuska shi ne ka san lokacinta. Galibin lotsawar tana zuwa ne cikin makonni da watanni, ragowar ta biyo baya a hankali. Hanya ta biyu, ta ɗaki da ginshiƙi, ita ce mai munafunci. A nan ana haƙa tituna a cikin kwal, ana barin ginshiƙai na kwal ɗin kansa su riƙe rufin. Ƙasa ta zauna lafiya shekara 10, shekara 50, har a manta an taɓa haƙa a wurin, a gina makaranta a kai. Ginshiƙan kuwa suna can suna ɓarɓashewa, ruwa yana cin gindinsu. In ɗaya ya gaza, nauyinsa ya koma kan maƙwabcinsa, shi ma ya gaza.

Haka ta faru a Coalbrook, a Afirka ta Kudu, ranar 21 ga Janairun 1960. Ginshiƙai kimanin 900 suka bi juna suka rushe a faɗin da ya kai murabba'in kilomita 3. Ma'aikata sama da 430 suka mutu, da yawansu 'yan ci-rani daga Lesoto da Mozambik, kuma ba a fito da gawa ko ɗaya ba. Wani sashe ya riga ya rufta a ƙarshen Disamban 1959. A ranar ma, da yamma an yi wata ruftawar, ma'aikata suka fito, aka mai da su ciki, bayan 'yan sa'o'i babbar ta zo. Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san abin da nake nufi. Da damina, in rufi ya sha ruwa, azara ta fara ƙara, ƙasa ta fara zubowa kaɗan-kaɗan, tsohuwar gida ba ta jiran a kira magini, kwashe yara take yi. Ma'aikatan Coalbrook sun ji ƙarar azararsu. Bayan wannan ne, a 1967, masana biyu, Salamon da Munro, suka bi tarihin ginshiƙan da suka tsaya da waɗanda suka rushe, suka fitar da lissafin girman ginshiƙi da ake aiki da shi har yau.

To, wannan ƙasa ce mai sauka tsaye. Yanzu mu zo ga wadda ke kan gangare. Abin da ke riƙe da tsibin ƙasa a jikin tudu shi ne gogayyar da ke tsakanin ƙwayoyinta. Nauyi yana danna ƙwaya a kan ƙwaya, sai su cije juna. In ruwa ya cika 'yan kafofin da ke tsakaninsu, ya kuma rasa mafita, sai ya karɓi wani kaso na nauyin. Ruwa kuwa ba ya cizo. Nauyin tsibin bai ragu ba, ƙarfin riƙonsa ne ya ragu. Karl Terzaghi ne ya tsara wannan ƙa'ida a shekarun 1920, kuma duk ilimin injiniyancin ƙasa a kanta ya tsaya. Muna raba ƙarfin da ke riƙewa da ƙarfin da ke ja, abin da ya fito shi ne lambar aminci. In ta kai 1.5, ka yi barci. In ta sauko 1, tsibi ya kama hanya. Ruwan mako guda yana iya sauko da ita daga can zuwa nan ba tare da an ƙara ko shebur ɗaya a kai ba.

Yanzu sai Aberfan.

Aberfan ƙauye ne a kudancin Wales ta Birtaniya, a cikin kwari, kusa da Merthyr Tydfil. Mahaƙar Merthyr Vale tana gindin kwarin. Duk kwal da aka fito da shi yana zuwa da tarkacen dutse da ba shi da amfani, kuma da wuri ya ƙure a ƙasa sai aka riƙa hawa da tarkacen kan tudun da ke saman ƙauyen. Tsibi bakwai aka tara. Na bakwai an fara shi a 1958, ya kai tsayin mita 34, kuma an zuba a cikinsa har da laka mai laushi da ke fitowa daga wankin kwal. An ɗora shi a kan idanun ruwa. Ba ɓoyayyu ba ne, suna cikin taswirorin gwamnati tun ƙarni na 19, kuma mutanen ƙauyen sun san su tun suna yara.

Ga inda bakin kwari ya dawo. Tudun dutsen yashi ne mai riƙe ruwa, an kuma haƙi kwal a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya, ƙarƙashin Farfesa Alan Bishop na Kwalejin Imperial da ke Landan, ya nuna lotsawar ƙasa ta ja dutsen, tsagoginsa sun buɗe, ruwa ya ƙara samun hanya zuwa gindin tsibin. Kun ga ke nan lotsawa da zaftarewa ba darasi biyu ba ne, ko da yake a aji ana raba muku su.

Ku lissafa gargaɗin tare da ni. A 1939, wani tsibi a Cilfynydd, 'yan kilomitoci kaɗan daga Aberfan, ya zaftare ya toshe babban titi. Aka rubuta takardar yadda za a kauce wa irin haka, ta shiga durowa. A 1944, tsibi na huɗu a Aberfan ɗin kanta ya gangaro ɗaruruwan mitoci, ya tsaya kafin ya kai gidaje. A 1963, na bakwai ya motsa, gindinsa ya kumbura, aka ci gaba da zubawa. A wannan shekarar ofishin injiniyan ƙaramar hukuma ya rubuta wa Hukumar Kwal ta Ƙasa wasiƙu, kan wasiƙar ma ya ambaci haɗarin lakar da ake zubawa a bayan makarantar Pantglas. Da sunanta aka kira makarantar, jama'a, shekara uku kafin abin ya faru.

A makonni uku na farkon Oktoban 1966 an yi ruwa kimanin milimita 170. Ranar Juma'a 21 ga wata, da misalin bakwai da rabi na safe, masu aikin zuba tarkace suka hau suka tarar kan tsibin ya lotsa kusan mita 3, layin dogon da ƙugiyarsu, wato injin ɗaga kaya, ke bi yana reto a kan rami. Babu tarho a wurin, an cire shi saboda ɓarayi sun matsa wa wayar. Sai da mutum ya sauka da ƙafa ya kai rahoto. Aka ce a dakatar da zubawa, a ja ƙugiya baya, mako mai zuwa a nemi sabon wuri. Kafin su koma, ya ƙara lotsawa. Ku lura, tunanin kowa a kan ƙugiya yake. Babu wanda aka taɓa koya wa cewa in kan tsibi ya sauka, gindinsa ne ke fita, kuma a ƙasan gindin akwai makaranta.

Da ƙarfe tara da kwata, tarkace kimanin mita kubik 110,000 ya narke ya kwararo. Ya shafe gidajen gona biyu, ya tsallake tsohuwar hanyar ruwa da tudun layin dogo, ya faɗa makarantar firamare ta Pantglas da gidajen da ke kusa. Ranar ce ta ƙarshe kafin hutu, yara sun shiga aji ke nan. Mutum 144 suka mutu, 116 yara ne, malamai 5 suna cikin manyan. Bayan ƙarfe sha ɗaya na safe ba a sake ciro mai rai ba.

Shugaban Hukumar Kwal, Lord Robens, bai iso ba sai washegari da yamma, domin ya tafi bikin naɗa shi uban Jami'ar Surrey. Da ya zo, ya gaya wa 'yan jarida cewa babu yadda za a yi a san akwai idon ruwa a cikin tsibin. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Edmund Davies ya zauna kwana 76, ya saurari shaidu 136, ya fitar da rahoto a Agustan 1967. Ya ɗora laifin kacokan a kan Hukumar. Ya ce ba mugaye ne suka yi wannan ba, mutanen kirki ne da aka ba aikin da ba su iya ba, ba a kuma ba su wata ƙa'ida daga sama ba. Kula da tsibi yana hannun injiniyoyin inji ne, masu duba ƙugiya da tarago, ba masu sanin halin ƙasa ba. An ambaci ma'aikata tara da suna, babu wanda aka kora, babu wanda aka gurfanar. Har fam 150,000 aka cira daga kuɗin taimakon da duniya ta tara wa iyayen yaran, don a kwashe ragowar tsibin, ba a mayar ba sai 1997. Wannan ni har yau ba na iya faɗarsa ba tare da raina ya ɓaci ba.

Wani zai ce da akwai tarho da an tsira. Kwamitin ya duba wannan, ya ce a lokacin da tsibin ya taho babu kiran da zai riga shi isa. Gaskiya ne. Amma daga bakwai da rabi zuwa tara da kwata kusan sa'a biyu ce. Daga 1963 kuwa shekara uku. A 1969 aka yi dokar da ta wajabta a riƙa duba tsibin mahaƙa, a sa ƙwararre, a ajiye rahoto.

To, ga na'urorin da kuka zo ji.

Mafi tsufa shi ne awon safiyo na tsayi. Ka kafa turaku na kankare a jere, su ratsa inda ake sa ran kwarin, ka riƙa auna su lokaci-lokaci. Har yanzu babu abin da ya fi shi daidai, yana kama milimita. Sharaɗinsa ɗaya ne da ɗalibai ke yawan mantawa: turken da kake dogara da shi dole ya kasance can wajen kusurwar nan ta digiri 35. In shi ma yana sauka, lissafinka zai ce maka lafiya lau. GPS na safiyo yana ƙara maka motsin gefe, kuma in ka girke shi dindindin yana turo awo kowane lokaci.

Waɗannan duk fatar ƙasa suke gani. Don ganin ciki, ana haƙa siririyar rijiya a jikin gangare a zura bututu mai kwarmi, a riƙa saukar da ma'aunin karkata a cikinsa, ana karantawa kowace rabin mita. Inda bututun ya fara lanƙwasa, nan ne ƙasa ke zamewa, ka san zurfin ka san saurin. Sai ma'aunin matsin ruwa, wanda ake binnewa a gindin tsibi. In kuɗina na na'ura ɗaya ne, shi zan saya. Sauran suna gaya maka ƙasa ta motsa, shi kuwa yana gaya maka dalilin da zai sa ta motsa gobe.

Sai tauraron ɗan'adam. A Afrilun 2014 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba Sentinel-1, yana yawo a nisan kusan kilomita 700, yana komawa kan wuri ɗaya duk kwana 12. Rada yake aikowa, mai tsawon zango santimita 5.6, tana ratsa gajimare, dare da rana. In ka gwama hoton yau da na kwana 12 da suka wuce, bambancin yadda zangon ya dawo yana nuna ko ƙasa ta matso ko ta nisanta. Sai ka ga zobba masu launi a kan taswira, kowane zobe santimita 2.8. In ka tara hotuna na shekaru, kana iya kama motsin 'yan milimitoci a shekara. Kuma kyauta ne, ɗalibi mai kwamfuta da intanet yana iya sauke na Inugu yau da dare.

Amma kada a ruɗe ku da launi. Rada tana son rufin kwano da dutse da kwalta. In ciyawa ta tsiro da damina, hoton yau ba ya kama da na jiya, sai ka sami hayaniya kawai, kuma damina ita ce lokacin da ka fi bukatarsa. In ƙasa tana sauka da sauri, kamar tsakiyar kwarin doguwar fuska, zobban su cakuɗe ba su ƙirguwa. Motsin da ya nufi kudu ko arewa kusan ba ya ganinsa. Sannan tsibin da zai taho cikin sa'a biyu ba ya jiran kwana 12. Amfaninsa shi ne ya nuna maka inda za ka je da ƙafarka ka kafa turke.

Me ake yi da lambobin? Ba yawan motsi ake tsoro ba, ƙaruwar saurinsa. Akwai gangaren da ke rarrafe shekara da shekaru bai faɗi ba. Wani masani ɗan Japan, Fukuzono, ya nuna wata dabara a 1985. Ka ɗauki sauri ka juya shi, wato 1 a raba da sauri. In yau milimita 2 ne a rana, ka sami 0.5. Ya koma 4, ka sami 0.25. Ya koma 10, ka sami 0.1. Ka zana su a takarda, sau da yawa za su jeru a layi mai gangarowa, inda layin zai taɓa sifiri nan ne kusan lokacin faɗuwa. Da irin wannan sa ido aka yi aiki a mahaƙar tagulla ta Bingham Canyon a Amurka, wadda buɗaɗɗen rami ce. Na'urori sun ga bango yana ƙara sauri tun watanni kafin nan. Ranar 10 ga Afrilun 2013 da safe aka fitar da kowa, da dare bangon ya zubo, mita kubik miliyan 60 da wani abu. Ya wuce inda aka zata, ya binne manyan motoci, amma ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Na'urorinsu masu tsada ne, ba musu. Sai dai abin da ya fitar da mutane daga ramin shi ne an riga an rubuta cewa in sauri ya kai kaza, wane ne zai ce a fita, kuma babu manajan da zai ce a dakata a cika motar ƙarshe.

Wannan takarda ita nake nema in na je duba mahaƙa, kafin in nemi na'ura. Mataki uku ko huɗu, kowane da lambarsa, da sunan mutum, da lambar wayarsa, da wanda zai maye gurbinsa in ya tafi hutu. Kuma a ce har mai gadin dare yana da ikon buga ƙararrawa ba tare da an ci shi tara ba in ta zama ba komai.

Kada kuma ku ɗauka rufe mahaƙa yana rufe magana. A Fabrairun 2020, bayan ruwa mai ƙarfi, wani tsohon tsibi a Tylorstown, a Wales ɗin dai, ya zubo da tan kusan 60,000 cikin kogi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Da aka tashi ƙirga, sai aka tarar akwai tsofaffin tsibi sama da 2,500 a Wales, kimanin 350 suna bukatar dubawa a kai a kai, da yawa kuma a filayen mutane suke, dokar 1969 ba ta kama su yadda ya kamata ba.

Mu dawo gida, tunda an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. An gano kwal a Udi a 1909, aka fara fitar da shi a 1916, aka ja layin dogo zuwa Fatakwal dominsa. Garin Inugu kwal ne ya haife shi. A ƙarshen shekarun 1950 ana fitar da tan sama da 900,000 a shekara, kafin jiragen ƙasa su koma dizal, yaƙin basasa kuma ya zo ramuka suka cika da ruwa. Mahaƙun Iva Valley da Ogbete da Onyeama da Okpara da Ribadu a jikin tudu aka shiga da su, kuma a saman kwal ɗin akwai dutsen yashi na Ajali mai ɗauke da ruwa, wanda ya daɗe yana wahalar da mahaƙan. Tudu, ruwa, tsofaffin ginshiƙai, ga gari yana ta faɗaɗa. Aiki ya tsaya tun farkon shekarun 2000. Abin da ya fi kowace na'ura daraja a Inugu yau shi ne tsofaffin taswirorin ramukan nan. Ya kamata a nemo su, a ɗauki hotonsu, a ɗora su a kan taswirar gari ta yanzu, a ba masu ba da izinin gini.

Na kusa da mu, Okaba a Kogi, da Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta Gombe, da Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas, inda kamfanin SONICHAR ke haƙa don ba da lantarki, duk buɗaɗɗun ramuka ne. Ba su da matsalar ginshiƙi, amma suna da bango, suna da tsibin tarkace, suna da damina. Dokar ma'adinai ta 2007 da dokar tantance tasirin muhalli ta 1992 suna nan a Nijeriya. Abin da zan roƙa a ƙara a aikace shi ne awon farko: kafin a sa digar farko, a auna tsayin ƙasa, da zurfin ruwan rijiyoyi, a ɗauki hoton bangon kowane gida. In babu wannan, duk rigimar diyya za ta koma rantsuwa, kamfani ya ce tsagar tsohuwa ce, mai gida ya ce sabuwa ce.

A nan wata ɗaliba ta yi tambaya: Allah ya gafarta Malam, mutanen ƙauyen da ke kusa da mahaƙa ba su da ko ɗaya daga cikin na'urorin nan. Me za su iya yi da kansu?

Madalla, 'yata. Suna da abin yi, kuma ba ƙarami ba. In bango ya tsage, a shafa ɗan siminti a ƙetaren tsagar, a rubuta kwanan wata a jikinsa tun yana ɗanye. In ya sake darewa, tsagar tana da rai. A kafa ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefe, a riƙa aunawa da rula duk Juma'a. A jikin tsibi, a jera turaku biyar ko shida a layi ɗaya, na farko da na ƙarshe a kan ƙasa mai ƙarfi, a riƙa hangen su daga gefe. Wanda ya fita daga sahu ya ba da labari. Sannan a sa ido ga ruwa. Rijiyar da ta ƙafe ba lokacinta ba, ruwan da ya ɓullo a inda ba a saba ba, idon ruwan da ya koma gurɓatacce, ko wanda ya ɗauke rana ɗaya alhali ana damina, wannan na ƙarshen shi ya fi ban tsoro, domin ruwan yana taruwa ne a ciki. Ƙofar da ta daina rufuwa, turken lantarkin da ya karkata, gindin tsibin da ya kumbura, duk a rubuta. A sami littafi ɗaya a hannun mai unguwa ko shugaban makaranta. In za a kai ƙara, a kai a rubuce, kwafi biyu, ɗaya ga kamfani ɗaya ga ofishin ma'adinai na jiha, a tsaya sai an buga hatimi da kwanan wata a kan naku. In kuma aka ga kan tsibi ya lotsa bayan ruwan dare, ba a jiran amsar wasiƙa, a fitar da duk wanda ke ƙasansa tukuna.

Malam shugaba yana nuna mini agogo, kuma na ji an fara kiran la'asar. Masu son ganin yadda ake sauke hotunan Sentinel-1 su same ni a nan bayan salla, na zo da kwamfuta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.